Jini a Buroshi: Yadda Ake Gano Ciwon Dasashi da Yadda Ake Maganinsa

Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini. Wannan ita ce maganar da na fi maimaita wa mutane a aikina na taimaka wa likitan haƙori. Mutum zai goge baki, ya tofar, ya ga jan ruwa a kumfa, ya ce buroshin ne ya yi tauri. Wani ma sai ya daina taɓa wurin, alhali gogewar ce maganinsa.

Asalin abin, wani datti ne mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, da ke taruwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Idan aka bar shi sai ya daskare ya zama kanta, wadda buroshi ba ya iya cirewa. Da farko dasashi kumbura kawai yake yi, ya yi ja, yana jini, kuma a wannan mataki yana warkewa sarai. In aka yi sakaci, ciwon ya nutsa ƙasa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Abin da ke damuna da shi, ba ya zafi. Sai dai warin baki da ba ya jin wanki, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, a ƙarshe su fara girgiɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1 ke fama da mai tsananinsa.

Idan ka je wurin likita, ka faɗa masa ko kana shan taba, ko kana da ciwon suga, da duk maganin da kake sha. Mai juna biyu ma ta faɗa. Taba tana ɓoye jinin, sai dasashi ya yi kamar lafiya lau alhali ƙashi na tafiya. Suga kuma shi da wannan ciwo kowanne yana rura wa ɗan'uwansa wuta.

Daga nan sai awo. Akwai wani siririn ƙarfe mara kaifi, mai zane-zanen milimita a jikinsa. Likita zai zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri 6 a kowane haƙori idan cikakken awo ne, yana kiran lambar da ke nuna zurfin da ƙarfen ya shiga, ni kuma ina rubutawa. Ka kasa kunne. Daga 1 zuwa 3 lafiya ce. Idan ka ji 4 ko 5, rami ya fara buɗewa. Daga 6 zuwa sama, abin ya yi nisa. Zai kuma duba inda ya yi jini, ya motsa haƙoran, sannan a ɗauki hoton ƙashi a ga yawan wanda ya zaizaye. Ka nemi a nuna maka hoton. Wanda ya gani da idonsa ya fi kula da bakinsa.

Magani yana farawa da kankare kantar nan da wata na'ura mai karkarwa tana fesa ruwa. Inda ramin ya yi zurfi, a yi allurar kashe zafi a bi saiwar haƙorin a share ta. Bayan haka haƙora kan yi tsami da ruwan sanyi na ɗan lokaci, kuma za ka ga 'yan gibi tsakaninsu. Ba likita ne ya sassaƙe maka haƙori ba, kumburi ne ya sace. Bayan wasu makonni a sake awo. Ramin da ya ƙi rufewa ne ake tunanin yi wa ƙaramar tiyata. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya cire kanta, don haka kada ka saya ka sha da kanka. Ƙashin da ya riga ya tafi kuwa galibi ba ya dawowa. Abin da ake nema shi ne a tsayar da ɓarnar.

Sauran aikin yana hannunka. Buroshi mai laushi, sau 2 a rana, minti 2, ka karkata bakinsa zuwa gindin haƙori. Kullum ka bi tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da aka yi don haka. Idan jini bai tsaya ba bayan mako 2 kana yin wannan, ka koma a sake duba ka.