Darasi na 7: Sassan Saksafon da Yadda Suke Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon badujalar sojoji ko ta 'yan sanda, ya ga wani abin busa mai sheƙi, mai lanƙwasa daga ƙasa kamar ƙugiya. Sunansa saksafon. Adolphe Sax, mutumin ƙasar Beljiyam, shi ya ƙera shi, ya kuma yi masa rajista a birnin Paris a shekarar 1846.

Jikinsa tagulla ne, amma muryar ba daga tagullar take fitowa ba. A jikin bakin da ake busawa akwai wani ɗan siririn ɓallin kara da za mu kira harshe. Da zoben ƙarfe ake ɗaure shi. In ka hura iska, harshen ya dinga karkarwa da sauri, sai sauti ya tashi. Mai algaita ya san wannan, sai dai nasa harshen biyu ne a haɗe, na saksafon guda ɗaya. Busasshen harshe gardama gare shi, shi ya sa za ka ga mabushi ya tsotse shi tukuna kafin ya ɗaura. In ya tsage kuwa, sai dai a sake wani.

Daga baki iska ta bi ta wuya, ta gangara cikin gangar jiki mai ƙara faɗi, har ta kai buɗaɗɗen ƙarshe mai kama da mazurari.

A gangar jikin akwai ramuka sama da 20. Yatsa ba zai iya toshe su ba don sun yi faɗi, saboda haka kowane rami da murfinsa mai fata a ciki, ana sarrafa su da maɓallai. Rufe ramuka da yawa, murya ta yi kauri. Buɗe su, ta yi siriri. Murfi ɗaya ya ƙi zama daidai, iska ta zurare, duk gwanintarka sai ka ji kamar kukan agwagwa.

Hannun hagu a sama yake, na dama a ƙasa. Nauyin kuwa igiyar da aka rataya a wuya ce ke ɗauka. An gama busa, a zare harshen, a goge damshin ciki da tsumma.

Aiki: Rubuta sunayen sassa huɗu a littafinka. Gaya wa na kusa da kai bambancin harshen algaita da na saksafon.