Yadda nake mayar da saba ɗaya ta zama kwamfutoci huɗu

Bara wata makaranta mai zaman kanta a Samaru ta kira ni. Na tarar da tsofaffin kwamfutoci uku a ƙarƙashin tebur: ɗaya tana riƙe da sakamakon ɗalibai, ɗaya lissafin kuɗin makaranta, ta ukun kuma ta gwajin jarrabawar kwamfuta da ake yi wa yara kafin JAMB. Kowace da ƙurarta, kowace da mataccen UPS a gefenta. Mai makarantar ta ce, "Malam, ba a iya haɗa su wuri guda?" Na ce, "Ana iyawa, Hajiya, amma batiri za mu fara saya kafin komai."

Abin da ke yin wannan haɗin shi ne haifabaiza, wato manhajar da ke zama a kan inji ɗaya ta raba ƙarfinsa ga ƙananan kwamfutoci da ke cikinsa, waɗanda muke kira VM. Kowace tana aiki kamar ita kaɗai ce a gidan. Ni Proxmox VE nake ɗorawa. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke yin ta tun 2008, a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina ta, kuma KVM ke tuƙa ta, wato ɓangaren da ke gudanar da VM, wanda ya shiga cikin Linux tun 2007. Kyauta ake saukewa. VMware ma tana da kyau, sai dai tun da Broadcom ya saye ta a ƙarshen 2023 tsarin lasisinta ya sauya, ba na son in jefa ƙaramar makaranta cikin biyan dala.

Mun sayi saba ta hannu, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, Dell PowerEdge R730, da RAM mai gigabait 64 da faifan SSD biyu masu girma ɗaya. Kafin ka ɗora komai, shiga BIOS, wato saitin injin na asali, ka kunna abin da ke ba furosesa damar ɗaukar VM: VT-x idan Intel ne, ko AMD-V idan AMD ne. In ba haka ba, VM ba za ta tashi yadda ya kamata ba, ka yi ta neman laifi a inda babu shi. A nan kuma na mayar da katin RAID, mai kula da faifai, zuwa yanayin HBA da ke miƙa faifan kai tsaye, domin tsarin ajiyar fayil na ZFS nake so, ita kuwa ba ta son ɗan aike tsakaninta da faifai. Da ZFS za ka sa faifan biyu su zama madubin juna: ɗaya ya mutu, ɗayan na nan da komai.

Ɗorawar ba wuya. Rubuta fayil ɗin ISO a filas da balenaEtcher, ko Rufus a yanayin DD, ka tayar da injin daga shi, ka ba sabar adireshin IP tsayayye. Bayan nan cire allo da madannai, ka koma kan laftof ɗinka, ka buɗe adireshin a burauza da lamba 8006 a ƙarshensa. Proxmox za ta ƙirƙiri gada mai suna vmbr0, ta nan kowace VM ke fitowa hanyar sadarwar makarantar da nata adireshin. Idan ba ku biya kuɗin tallafi ba, sauya ma'ajiyar sabuntawa zuwa ta "no-subscription".

A wajen rabo ne mutane suka fi yin kuskure. Furosesa tana jure cunkoso, za ka iya raba ƙwayoyinta fiye da waɗanda ake da su, tunda ba lokaci guda duk VM ke aiki tuƙuru ba. RAM ba ta yafe wannan. Cikin 64 ɗin nan, 16 na ba ta jarrabawa, 8 ta lissafi, 8 ta sakamako, 4 ga wata ƙaramar Linux da nake gwaji a kai, sauran na bar wa sabar da ZFS da abin da gobe za ta kawo. Wanda ya rabe tas, ranar jarrabawa zai ga Linux ta kashe masa VM guda domin ta samu numfashi. Ga Windows, zaɓi faifai da katin sadarwa na VirtIO, ka haɗa ISO ɗin direbobinsa tun wajen ɗorawa, in ba haka ba Windows za ta ce ba ta ga faifai ba. Windows 11 kuma tana neman UEFI da TPM 2.0, duka suna cikin shafin ƙirƙira.

To, ga batun batirin da na faɗa wa Hajiya. Na taɓa haɗa wa wani ofis a Sabon Gari irin wannan, na tafi ban saka qemu-guest-agent a cikin Windows ɗinsu ba, wato wakilin da Proxmox ke amfani da shi ta rufe VM cikin natsuwa. Wani dare aka ɗauke wuta, UPS ta ƙare, rumbun bayanansu ya lalace a tsakiyar rubutu. Hotunan "snapshot", wato hoton yanayin VM a wani lokaci, kawai nake da su, kuma a faifan da abin ya shafa suke zaune. Kwana biyu na yi ina tono. Laifina ne, kuma daga ranar na sauya hannu.

Yanzu a kowace VM ina saka wannan wakilin, in kunna shi a Proxmox. Ina haɗa UPS da sabar ta wayar USB, in saka manhajar NUT, wadda ke gaya wa sabar cewa batiri ya yi ƙasa, ta rufe kowa cikin natsuwa. Ina kunna "Start at boot", in jera su: mai rumbun bayanai ta riga kowa tashi, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. A BIOS ina sa injin ya kunna kansa idan wuta ta dawo. Ajiyar gaske kuwa kowane dare take tafiya zuwa wani faifai na daban, ranar Juma'a a kwafe ta zuwa na waje, Hajiya ta tafi da shi gida Tudun Wada. Sau ɗaya a wata nakan dawo da VM guda daga ajiyar, in ga ta tashi da idona. Da hunturu kuma ina buɗe injin in hure ƙura, domin hazon Zariya na toshe fankoki, ga zafin Maris da Afrilu na jira a gaba.

Ranar miƙa aiki na tara su a ɗakin, na ce wa yaron da ke kula da kwamfutocin, "Ƙanena, zare wayar daga bango." Ya dube ni, ya dubi Hajiya, sannan ya zare. UPS ta hau kuka. Muka tsaya muna kallon allo har batirin ya yi ƙasa, koren alamomin VM huɗun nan suka riƙa komawa toka ɗaya bayan ɗaya, ta sakamako a ƙarshe, fankoki suka yi shiru. Ya mayar da wayar, injin ya kunna kansa, akawun makarantar ya buɗe shafin lissafinsa ya tarar da rasitin da ya shigar da safe yana nan.