Yadda Za a Koya wa Yara Rayuwa da Sana'o'in Garin Williamsburg

Da farko, malami ya shimfiɗa taswirar gabashin Amurka, ya nuna wa yara Williamsburg, babban birnin Virginia daga 1699 zuwa 1780, wanda ya yi mafi yawan waɗannan shekaru a ƙarƙashin sarautar Ingila.

Daga nan sai ya kasa su rukuni-rukuni, kowane da sana'arsa: maƙeri mai ƙera ƙusoshi da fatanyu, mai haɗa gangunan katako da ake danƙara taba a ciki a kai Ingila, da mai ɗab'i, domin a garin aka fara buga jaridar Virginia Gazette a 1736. A kowane rukuni yaro ɗaya ya zama maigida, sauran masu koyon aiki, kuma a bayyana musu cewa mai koyo kan zauna gidan maigidansa har ya cika shekara 21, ci da sutura duk a wuyan maigida.

Bayan haka a shiga aikin hannu, wanda shi ne ya fi zama a zukatan yara. Malami ya fere gindin gashin dinya da kansa, ya ɗan tsaga bakinsa kamar alƙalamin kara, sannan yara su tsoma a tawada su rubuta tallar shagonsu. Wuƙa kam, kada ta bar hannun malami.

Kafin a tashi, wajibi ne a gaya musu cewa wajen 1775 kusan rabin mazauna garin baƙar fata ne, galibinsu bayi, waɗanda suka yi girki, wanki, har da ƙira, ba tare da lada ba.