Yadda na yi da yarona ya bugu a ka

Bayan isha'i a Jidda, yarona ɗan shekara 2 ya faɗo daga gado, kansa ya bugi tayil. Goshi ya kumbura, na naɗe ƙanƙara a tsumma na ɗora. Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, bar shi ya kwanta, zai ware."

Amma sai ya yi amai sau biyu, barci ya danne shi, da ƙyar nake tashinsa. Nan take na kira 997, lambar motar asibiti ta ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent). Likita ya sa aka ɗauki hoton kai, aka kwantar da shi har safe. Ya ce ko da mun koma gida, in na ga farfaɗiya, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ko tafiyarsa ta canza, in dawo da shi ba jira.