Yadda ake kallon ruwan taurari na Disamba a Maraɗi

Duk shekara, wajen daren 13 zuwa 14 ga Disamba, duniya kan ratsa ta cikin ɓarɓashin da wani dutsen sararin samaniya mai suna Phaethon ya zubar a hanyarsa. Da ɓarɓashin ya shigo iskar duniya sai ya ƙone, ka ga kamar taurari na zubowa. Masana na kiran wannan ruwan taurari Jeminid. Akwai wani a Agusta, amma ka manta da shi, damina ce, hadari ba zai bar ka ba.

Fara duba wata. In ya kusa cika, ƙananan ba za su ganu ba. In kuma hazon hunturu ya yi kauri har ba ka ganin Kaza da ƴaƴanta, koma ka kwanta, ka gwada gobe.

Sai wuri. Gonar wanda ka sani a bayan gari, ta wajen Tibiri ko Jiratawa, ta isa. Kada ka yi nisa, kada ka tafi kai kaɗai. In an ɗauke kuran a unguwa ma, tsakar gida ta wadatar, ba ka kashe ko dala a kabu-kabu ba.

Ga inda sababbin shiga ke faɗuwa. Mutum ya fito daga ɗaki mai fitila, ya ɗaga kai minti biyar, ya ce ƙarya ce. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma haske ɗaya ya isa ya mai da kai farko. Wani ya ciro salula zai duba WhatsApp, wani ya haska tocila yana neman takalminsa, shi ke nan an ɓata wa kowa. Ni dokata ita ce a tara wayoyi a jaka guda tun da isowa. Hoto kuwa kada ka wahalar da kanka, baƙi ƙirin zai fito.

Shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine, tsayuwa ciwon wuya ce. Kada ka kafa ido wuri guda, ta ko'ina suke ɓullowa. Madubin hangen nesa asarar kuɗi ne, rage maka faɗin sama yake yi.

Sun fi yawa wajen ƙarfe 2 na dare, lokacin da mafitarsu, wato wurin da kake gani kamar daga can suke bazuwa, ke kusan tsakar ka. Tafi da bargo da hular sanyi, a kuma samu mai dafa shayi, amma ya ajiye gawayinsa can baya.