Yadda nake zagayen keke daga Hubbare zuwa gulbi

Idan kana son yin wannan zagaye a Sakkwato, to ka shirya tun da dare. Ni ranar Asabar bayan Isha'i nake matsa tayoyi da babban yatsa in ji ko da iska, in ɗiga wa sarƙa ɗan baƙin mai, in gwada birkin gaba da na baya. Gora biyu ta ruwa, famfo, da tib ɗaya sabo a aljihu. Tib ɗin nan kada ka bar shi gida. Gefen hanyar fadama cike yake da tsidau, kuma masu faci ba sa fitowa da duku-duku.

Lokaci shi ne rabin aikin. Ana sallame Asuba ka hau. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, wanda duk ya kai ƙarfe tara yana tuƙi zai faɗa maka. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, sai ka rufe hanci da ƙyalle saboda ƙura, ka sa safar hannu, don yatsu kan sandare a kan birki.

Ina farawa daga wajen Hubbaren Shehu, kusa da fadar Sarkin Musulmi. A nan ba a gudu. Lungunan tsohon gari matsattsu ne, ga masu dawowa daga masallaci, ga almajirai, ga awaki kwance tsakiyar hanya. Sa giya mai sauƙi, hannu a kan birki, ka riƙa sallama maimakon ka cika wa mutane kunne da ƙararrawa. Daga nan ka nufi arewa, ka kama hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Birnin a kan tudu yake, saboda haka za ka ji keke yana gangarawa da kansa. Kada daɗin gangara ya ɗauke ka. Yashi kan taru a bakin kwalta, idan tayar gaba ta shiga cikinsa da gudu sai ƙasa. Ni na taɓa barin fatar gwiwata a wurin, wata safiya da na kauce wa ɗan kabu-kabu na danna birkin gaba shi kaɗai. Ka riƙa matsa na baya tukuna, a hankali.

Sai fadama. Don wannan yanki nake tashi da asuba. Iska takan canza nan take, ta yi sanyi, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da albasa. Da rani za ka ji injinan ban ruwa suna ta ƙara, manoma sun riga ka fitowa, suna buɗe wa fangalai ruwa da fartanya. Balbelu fari fat a bayan shanu. Wani lokaci raƙumi ya taho da kaya, ka ba shi hanya da nisa, ba a matsa masa. A gadar Kwalkwalawa nake sauka. Masunta na janye taru daga gulbin Rima, kwale-kwale ɗaure a gaɓa. Akwai wani dattijo da kullum in na ce, "Baba, ina kwana, ya ruwa?" sai ya ce, "Lahiya lau, ɗana. Kai da dokin ƙarhenka kun iso?" Wannan hanyar ce ambaliyar 2010 ta yanke, ta raba jami'a da gari, shi ya sa da damina, musamman Agusta da Satumba, nakan tambayi yadda ruwa yake kafin in fito, kuma ba na sauka daga kwalta.

Sha ruwa a nan ko ba ka jin ƙishi. Minti goma ya isa, idan ka daɗe ƙafa takan yi nauyi.

Komawa ita ce hawan. Ba tsauni ba ne, amma tana da tsawo, kuma a lokacin motocin ɗalibai da ma'aikata sun fara fitowa. Sauya giya kafin tudun ya kama ka, ka zauna a kan sirdi, ka riƙe gefenka na dama. Ba na komawa ta inda na fito. Nakan bi ta Runjin Sambo in zagaya Gawon Nama, in wuce wajen filin wasa na Giginya, sannan in koma cikin gari. A shataletale ka ɗaga hannu tun da wuri, ka haɗa ido da direba kafin ka shiga.

Duka-duka awa biyu yake ci mini har da tsayawa. Wanda bai saba ba ya juya daga gada ya dawo kai tsaye a makon farko, ya bar zagayen cikin gari sai ƙafa ta zauna. Ni dai ƙarfe takwas takan same ni gaban mai ƙosai, keke jingine da bango, ina jiran a tsamo na zafi.