Kurakuran da aka fi yi wajen neman yoyon ruwa a gindin masai

A benayen haya na Kubwa da Gwarinpa da Lugbe, yoyon banɗakin sama ya sha haɗa maƙwabta faɗa. Na ƙasa ya ga silin ɗinsa ya yi taswira, na sama ya rantse bai ga komai ba sai ɗan danshi a gindin masai. Abin da ke damuna shi ne yawancin kuɗin da ake kashewa kan wannan danshi asara ce, domin ana fara gyara tun ba a san inda ruwan yake fitowa ba.

Kuskuren farko shi ne nema a jiƙaƙƙen banɗaki. Mu da muke wanka da tsarki da buta a wuri guda, yaushe tayil ya bushe har a gane baƙon ruwa? Bari sai dare, ka goge ko'ina tas, har bayan tankin masai da jikin tiyonsa, ka shimfiɗa tishu ko tsohuwar jarida (a duba kada a sa mai ɗauke da aya ko sunan Allah), sannan a hana kowa shiga sai da safe. Dare ya fi, domin lokacin da ba a buɗe famfo a gidan, ko aka cika tankin sama, ruwa ya fi ƙarfi a bututu, yoyon da ya ɓuya da rana sai ya bayyana.

Na biyu, ɗauka cewa inda ruwa ya taru nan ya fito. Ruwa bin jikin tangaran yake yi ya gangaro. Fara daga sama da busasshen tishu a hannu: ƙaramin bawul na bango, bakin tiyo biyu, sai notunan da suka riƙe tanki. Daga nan zuba shuɗin wanki a tankin masai, ka bar shi rabin awa ba filoshin. In shuɗi ya sauka cikin masai, robar da ke tare ruwa a gindin tanki ce ta ci, wannan ɓarnar ruwa yake yi, ba ya jiƙa ƙasa. In ya fito ta ƙarƙashin tanki, washan notuna ne, wato robobin da ke hana ruwa bin notunan. In ba ka ga komai ba, yi filoshin ka tsuguna ka duba baya. Ruwan da ba ya fitowa sai an yi filoshin, ko dai robar tsakanin tanki da masai ce, ko wadda ta haɗa masai da bututun sokawe. Ta biyun takan zo da wari.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zagaye gindin masai da silikon ko farin siminti. Tayil zai bushe, hankali ya kwanta, amma ruwan bai tsaya ba, hanya kawai ya sake. Sai ya bi ƙarƙashin tayil ya shiga kankaren benen, fenti ya fara ɓarewa a ɗakin da ke jikin banɗaki, ƙarfen cikin kankare ya yi tsatsa. Kuma in daga bututun sokawe ne, ruwan najasa ne kake tarawa a ƙarƙashin ƙafarka. Duk mai gyaran famfon da ya zaro silikon bai ko leƙa bayan masai ba, ka ce masa: Malam, nuna mini inda yake ɗiga tukuna. Haka wanda ya ce a fasa tayil tun ba a yi gwajin shuɗi ba.

Kada ka ɗaure noti da ƙarfin tsiya. Tangaran tsagewa yake yi, kuma tsagaggen tanki sai canji.

Masu kallon YouTube kuma su lura, zoben kaki (wax) na ƙarƙashin masai da ake ta canzawa a bidiyon Amurka ba shi ne a yawancin masai na nan ba, namu roba ce ke shiga bututu ta bango ko ta ƙasa.

Da damina kuwa, wani danshin ba yoyo ba ne, gumi ne: ruwan tanki da sanyi, iska da laima, sai jikin tankin ya yi raɓa ko'ina, ba wuri guda ba, kuma ba shuɗi a cikinsa.

In ka gano robar da ta lalace, cire ta ka tafi da ita kasuwar Dei-Dei a gwada maka irinta, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Rufe bawul ɗin bango kafin ka kwance komai.